Ƙwarya a Cikin Lefe

A Dakoro in mace ta cika, kafin a aika wa liman an aika wa Nagoggo. Shekara goma sha shida ke nan tana wankan gawar mata, aikin da ta gada wurin gwaggonta tare da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki. Abin da ya sa ake nemanta har daga Bader Goula kuwa bakinta ne, don matar nan ba ta magana. Ta ga tabon duka a bayan matan manyan mutane, ta ga abin da ko uwar mamaciya ba ta sani ba, ta wanke da ruwan magarya, ta yi wa gashi kitso uku, ta lulluɓe da likkafani, ta fito tana salati. Ranar da gwaggo ta miƙa mata ƙwaryar, magana ɗaya ta yi mata: abin da ido ya gani a ɗakin wanka a can ake barin shi, ranar da kuwa kika fito da shi, ki aje ƙwaryar, kin gama.

To a bana ƙwaryar nan ta wanke ƙanwar Nagoggo, Lailatu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Lailatu ta yi shekara goma sha huɗu a gidan Elhaji Hashimu, ɗan kasuwar hatsi, mai kamiyo biyu, manyan motocin da ke jigilar gero da wake tsakanin Dakoro da Maradi da Najeriya. Sati biyu yana gida, sati biyu yana hanya, shekara da shekaru haka. Jini ne ya fara zo mata ba lokacinsa ba. Ta ɓoye, ta sha saiwa, ta sha rubutu, har wari ya fara fita, Elhaji ya sa aka kwashe kayanta zuwa ɗakin baya kusa da turken awaki. Da abin ya ci tura aka kai ta likita a Maradi, aka ce sankara ce ta bakin mahaifa, kuma ta yi nisa. Likitan ya ƙara da cewa asalinta wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta wurin kwanciya.

Daga duk bayanin, wannan kaɗai Elhaji ya ɗauka. Ya bugi ƙirji ya ce shi lafiyarsa lau, ko ƙurji babu a jikinsa, to ina ta samo? Ya rubuta mata takardar saki, ya sa aka ɗora ta a keken jaki da 'yan kwanukanta, aka sauke ta a ƙofar Nagoggo da tsakar rana. Bai kuma tsaya nan ba, mutumin banza. Ya zauna a rumfarsa ta kasuwa, ya kwantar da murya kamar mai ba da labarin rashin wani, yana cewa in mutum matafiyi ne, sai dai ya bar gidansa ga Allah. Bai taɓa furta kalmar zina ba. Ya bar wa gari ya furta masa, gari kuwa bai yi ƙyuya ba.

Wata huɗu Lailatu ta yi a ɗakin yayarta. Masu zuwa gaisuwa a bakin ƙofa suke tsayawa, su ce sannu, su juya. Ranar da za ta cika, da hantsi, ta kama hannun Nagoggo.

"Yaya, wallahi ban san kowa ba sai shi."

"Na sani."

"Ke kin sani. Gari fa?"

Ba a jima ba Lailatu ta cika.

Da Nagoggo ta naɗa tsumma a hannu ta fara wankan, sai hannunta ya tsaya. Wannan warin, da wannan irin ramar, ta taɓa gamuwa da su. Shekara goma sha biyar da suka wuce, tana sabon hannu, ita da gwaggo suka wanke wata mata mai suna Mas'uda, 'yar Roumbou, wadda aka ce ciwon ciki ya kashe. Ita ce matar Elhaji Hashimu ta fari. Bayan mutuwarta da shekara guda ya zo neman Lailatu, Nagoggo ta yi rawa a bikin har da guɗa. Ta ƙarasa wankan hawaye na ɗiga cikin ƙwarya, ta yi kitson uku, ta fito ba ta ce wa kowa komai ba.

Zaman makoki bai cika ba, mata ko ashirin ba su kai ba. Elhaji kuwa ya zo gaisuwa da farar babbar riga, ya daɗe yana shafa fatiha, ya kuma aiko da buhun gero wai sadaka. Nagoggo ta sa aka jingine buhun a bayan ɗaki. Kullum da safe ta ɗebi tiya guda ta zuba wa awaki, ta tsaya tana kallonsu har su cinye.

Ƙiyayya ce ta zaunar da ita, ba wani abu ba. Ta yi tunanin ashana da sitonsa na hatsi. Ta yi tunanin wani boka da ake zuwa wurinsa ta hanyar Adjekoria. Ta yi tunanin taɓarya. Mijinta Almu, manomi ne mai sanyin hali, ya ce ta bar wa Allah. Ta ce lahira ta bar wa Allah, amma nan duniya tana da hannu biyu. Sai dai duk ta juya ta ga ko sito ya ƙone ƙurmus, Lailatu tana nan a bakin gari a matsayin mazinaciya. Sunan take so a wanke, kuma a wanke shi da fuskar Elhaji.

Bayan arba'in aka yi shela cewa an kawo gwajin mahaifa a gidan likita, kyauta, sati guda, duk mace ta zo. Nagoggo ta tafi, ba don a duba ta ba, don ta yi tambaya. Ta bi layi har ta kai ga sajfam, wato ungozomar likita, wata doguwar mata mai tabarau da aka turo daga Maradi don aikin.

"Madam, cutar nan da ke zama sankara, sai mai yawon banza take kamawa?"

Sajfam ta aje alƙalami. "Wa ya hwaɗa miki haka? Dubi layin can. Matan aure ne, da hajiyoyi, da matan malamai. A cikin waɗanda muka gwada satin nan, ba ki ƙirga goma ba ki samu mai ita ba, wani lokaci biyu. Ƙwayar ta cika gari, ba a Dakoro kaɗai ba. Da yawa jikinsu na korar ta, ba su ma san ta zo ba. Wasu kuwa ta zauna musu shekara goma ko fiye, ta zama ciwo."

"Namiji fa?"

"Namiji yana ɗauke da ita yana yawo, ko kansa bai ciwo. Mace na iya samunta a kan gadon aurenta, ba ta taɓa sanin wani ba."

"Namiji ɗaya yana iya ba mata biyu, ɗaya bayan ɗaya?"

"Yana iya. Amma kar ki kawo mini sunan kowa, ba zan rantse a kan mutumin da ban sani ba. Tunda kin zo, hau gadon nan."

Ta hau tana gunaguni. Bayan kwana uku ta koma, sajfam ta ce ita ma tana da ƙwayar, har ta fara ɗan tabo, amma an gan shi da wuri. Aka yi mata maganin a ranar, aka ba ta ranar dawowa. Nagoggo ta fito ta zauna a gindin wata bishiyar bedi. Ita da aka kai gidan Almu tana budurwa, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wani ba.

Ta tarar da shi yana gyaran kalme, ta faɗa masa duka, tana kallon bakinsa ta ga abin da zai fito. Almu ya taɓa aure kafin ita, kowa ya sani. Kalmen ya zame daga hannunsa, ya ce, "Za ki warke dai ko? In ni na kawo miki, ki yahe mini, ban sani ba."

Wannan magana, maimakon ta sanyaya mata rai, wuta ta ƙara mata. Ashe abin da ya kamata miji ya faɗi ke nan. Ashe bai fi ƙarfin bakin namiji ba.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Elhaji zai sake aure. Rabi'atu ce, bazawara mai ɗinki a Adjekoria, ɗiyar Malam Sa'adu, kuma ita da kanta ta amsa, don an ce mata mutumin kirki ne wanda bai yi sa'ar mata ba. Ranar Asabar za a kai lefe.

Nagoggo ta san abin da za ta yi, ta kuma san kuɗinsa. Sirrin Lailatu nata ne, tana iya buɗewa. Sirrin Mas'uda kuwa ba nata ba ne. Ta hau kabu-kabu ta tafi Roumbou, ta tambayi gidan, ta tarar da uwar Mas'uda, tsohuwa tukuf, tana ɓarar gujiya a inuwar rumbu.

Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, ni na wanke ɗiyarki. Na zo roƙon izini in hwaɗi abin da na gani."

Tsohuwa ta daina ɓara. "Ke ma kin zo ki tona mana? Shekara goma sha biyar muna rufe da shi."

"Rufe da mi?"

"Kin sani, tunda kin gani. Shi Elhaji ya zo nan, ya zauna inda kike zaune, ya ce likita ya ce ciwon 'yan yawo ne. Ya ce don darajarmu zai ce wa mutane ciwon ciki ne. Ubanta ya yi masa godiya har da hawaye. Tsohon ya mutu bai sake kiran sunanta ba."

Nagoggo ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ashe ba a kan Lailatu ya fara ba, ƙarya ce mai ƙwari, ta taɓa yi masa aiki. Ta zauna ta kwashe duk abin da sajfam ta ce ta faɗa wa tsohuwa, da na Lailatu, da nata na kanta. Tsohuwa ta saurara ba ta katse ta ba. Da aka gama ta karkaɗe ɓawon gujiya daga zanenta.

"Yaushe za a kai lefen?"

"Asabar, Inna."

"To ki biyo ta nan. Ba izini zan ba ki ba, da ƙafata zan tahi."

Asabar da la'asar gidan Malam Sa'adu ya cika da mata. An shimfiɗa tabarmi, an jera akwatuna biyar, ƙanwar Elhaji tana ɗaga atamfa ɗaya-ɗaya ana guɗa. Rabi'atu tana zaune a ƙofar ɗaki cikin ƙawayenta. Sai ga Nagoggo ta yi sallama, tsohuwa na dafe da kafaɗarta, da ƙunshi a hammata. Guɗar ta ɗan lafa, don ba wanda ke jin daɗin ganin mai wankan gawa a gidan biki. Amma uwar amarya mace ce mai kunya, ta ce a ba su tabarma.

Nagoggo ba ta zauna ba. Ta taka har tsakiyar fili, ta kwance ƙunshin, ta ɗauko ƙwaryar mai ɗinki a baki, ta aje ta a kan akwati na sama, bisa atamfofin. Babu macen da ke wurin da ba ta san ƙwaryar nan ba. Ta wanke uwar wata, ta wanke ɗiyar wata.

"Na ga lefen bai cika ba," in ji ta. "Duk matar da ta shiga gidan Elhaji da wagga take fita, shi ya sa na kawo tun yanzu, kar ku sha wahalar aike."

Ƙanwar Elhaji ta miƙe tana salati. "Ke Nagoggo, hauka kike? Don ƙanwarki ta je ta kwaso abin kunya—"

"Zauna, yanzu zan zo kanki." Ta juya ga uwar amarya. "Hajiya, shekara goma sha shida ban taɓa buɗe baki a kan gawa ba, ku ne shaida. Yau zan buɗe. Na wanke Mas'uda, na wanke Lailatu, ciwo ɗaya ne ya ci su, a wuri ɗaya. Ga uwar Mas'uda, ku tambaye ta abin da Elhaji ya hwaɗa musu."

Tsohuwa ta faɗa, da 'yar muryarta mai rawa, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Nagoggo ta ci gaba. "Ban ce shi ya kashe su ba. Ko sajfam ta ƙi rantsewa, ni ma ba zan rantse ba. Ƙwayar ta cika gari, namiji na ɗauke da ita bai sani ba. Ni da ke gabanku an gwada ni, ina da ita, an yi mini magani. To ku ce ni ma yawo nake." Ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Na ga wasunku a layin likita. Duk wadda aka ce tana da ita ta san abin da nake nuhi, ba sai ta ɗaga hannu ba."

Mata uku ko huɗu suka sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu 'yar rakiyar lefen ce.

"Ciwo na Allah ne, Rabi'atu," in ji Nagoggo. "Kina iya samunsa a gidan kowa, ki je a duba ki ko kin yi auren ko ba ki yi ba. Abin da na zo in hwaɗa miki shi ne abin da wanga mutum yake yi in ciwon ya zo. Keken jaki ne, da takarda, da sunanki a rumfar kasuwa. Sau biyu ke nan yana ɗora wa matarsa laihin. In kin ga kina iyawa, ga lefe nan."

Rabi'atu ta tashi. Mace ce mai jiki, ba ta da gaggawa. Ta zo ta ɗauke ƙwaryar da hannu biyu ta miƙa wa Nagoggo, sannan ta rufe akwatin, ta danna makullinsa, ta ce wa ƙanwar Elhaji su yi sauri kar motarsu ta bar su.

Kafin magariba labari ya riga motar isa Dakoro. Washegari da hantsi Elhaji ya zo ƙofar gidan Almu yana huci, ya ce zai kai ta jandarma don ɓata suna. Nagoggo ta fito da taɓarya a hannu, don daka take yi.

"Mu tahi, Elhaji. Sai a kira sajfam, a kira Inna, a rubuta duka a takarda, a buga hatimi. Bari in ɗauko mayafina."

Bai jira mayafin ba.

Ya nemi aure a Bader Goula, aka ce ɗiyar an yi mata miji. Ya nema a Maradi, can ma labarin ya bi kamiyonsa ya isa. Abin da ya fi cin ransa kuwa matan da ke sayar da ƙorai ne a bakin kasuwa, dab da rumfarsa. In ya zo wucewa sai ɗaya ta ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa, ta ce cikin ladabi, "Elhaji, ba a buƙatar sabuwa?" Har ya canza hanya, yana zagayawa ta wajen mahauta da babbar rigarsa. Nagoggo ta ji labarin, ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma ba ta ji tausayinsa ko na ƙwayar gero ba.

Ƙwaryar kuwa ta kai ta gidan liman ta ba matarsa, ta ce a nemi mai baki rufe a ba ta. Matar liman ta karɓa, ba ta ce ta koma da ita ba.

Bayan sati uku wata tsohuwa ta rasu a bayan layinsu, wadda ta taɓa sa Nagoggo ta yi alkawarin ita za ta wanke ta. Nagoggo ta ji kukan tana tankaɗe. Ta tashi ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗaura zane, ta tsaya a tsakar gida tana sauraren sallama. Ba wanda ya zo. Ta ji lokacin da aka wuce da ganyen magarya ta ƙofarta, ta ji muryar wata tana ba da umurnin a ɗora ruwa. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, ta koma ta zauna a kan turmi, ta yi kuka mai isarta.

Da azahar masu dawowa daga gaisuwa suka biyo ta gidan, mata biyar, cikinsu har da waɗanda a da suke tsayawa a bakin ƙofa. Wannan karon suka shigo har ciki, suka cire takalmi, suka zauna a tabarma. Babbarsu ta yi ta murza bakin mayafi kafin ta yi magana.

"Nagoggo, ba mu yi miki gaisuwar Lailatu yadda ya kamata ba. Allah ya ji ƙanta. Baiwar Allah, ta sha wuya a banza."

Nagoggo ta dube su. Wata uku ke nan da binne Lailatu.

"Ban ji ba," in ji ta. "Ki sake hwaɗi da ƙarhi, na waje su ji."